Tsohon Keken Raleigh: Yadda Ake Sa Masa Inji Da Ado Irin Na Da

Tambaya: Malam, ina zaune a Agege, kuma na gaji keken Raleigh daga mahaifina. Ina so in sa masa inji, in ƙawata shi ya yi kama da baburan da. Da me zan fara?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Siffar da kake nema ta baburan tsere ce na Amurka a shekarun 1910 zuwa 1920, irin na kamfanonin Indian da Harley-Davidson, masu dogon tanki da kai mai lanƙwasa ƙasa, kuma firam ɗin Raleigh yana karɓarta sosai. Sai dai da birki za ka fara, tun kafin maganar fenti. Birkin sandar ƙarfe da keken ya zo da shi an yi shi ne don gudun ƙafa, alhali ƙaramin injin nan na Sin da ake sayarwa da sunan 80cc, wanda a gaskiya kusan 66cc ne, yana wuce kilomita 40 a awa, kuma da damina ta jiƙa titin Legas birkin nan ba ya kamawa. Ka sauya ƙafar gaba da mai birkin da ke cikin cibiya, wanda ruwa bai cika shiga ba, ga shi kuma kamannin da ne da shi. Wayoyin ƙafar baya ma a sa masu kauri, domin su ne ke ɗaukar jan sarƙa.

Farantin sarƙar inji na ƙafar baya mai haƙora 44 ya dace da cunkoson gari. Mai 36 gudu yake ƙarawa, ƙarfin tashi kuwa ya ragu.

Wajen ado, babban abokin gabarka tsatsa ne, saboda laima da iskar teku. A kankare firam, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa kafin baƙi ko ja mai duhu, kuma ni na fi son tagulla a kan ƙarfe mai walƙiya na araha, wanda damina guda ke cinyewa. Sirdi da jakar kayan aiki kuwa ka kai wa baduku, ga kasuwar fata a Mushin, amma ka riƙa shafa musu mai don kada su yi funfuna.

Kada ka yarda mai walda ya huda firam don ɗaura tanki, maɗauri ya isa. Salansa kuma ka bar mata abin rage ƙara, domin tun Yunin 2022 aka hana acaba a Ikeja, wadda ke maƙwabtaka da ku, kuma ƙara ce ke fara jawo hankalin jami'ai.