Amsa ga ɗan'uwan da gem suka taru masa bai buga ba

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na karanta tambayarka har sau biyu, inda ka ce kana da gem, wato wasannin bidiyo, sama da ɗari tsakanin Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, da na'urar PlayStation, waɗanda ka kai ƙarshensu ba su kai goma ba, amma da zarar ka ga an yi ragi sai ka sake saya, daga baya kuma ka buɗe jerin ka ji ranka ya ɓaci. Wallahi halin da na shafe shekaru a ciki ke nan, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Abin da ya farkar da ni ya faru ne a watan Disambar 2022, lokacin babban ragin da Steam ke yi a ƙarshen shekara. Maiɗakina tana watan haihuwa, na kuma ware kuɗin ragon suna na ajiye a gefe. Katin naira a lokacin ya daina yi mini aiki a waje, don haka sai na sayi katin dala a hannun wani a farashin bayan fage, na zuba a asusuna. Ƙarfe biyun dare ina zaune a falo da waya a hannu, Nepa sun ɗauke wuta, ko kwamfutar ba zan iya kunnawa ba, amma na sayi gem goma sha ɗaya, ina gaya wa kaina cewa ragin kashi 75 cikin ɗari riba ce. Da asuba na tashi da wani irin nauyi a ƙirji. Na san dokar Steam cewa ana mayar da kuɗi matuƙar ba a wuce kwana 14 ba, kuma ba a buga gem ɗin ya kai awa biyu ba, sai na nemi a mayar mini. An kuwa mayar, amma cikin asusun Steam ɗin da na biya da shi, domin nan kuɗin ya fito, kuma daga can ba ya komawa naira. Bayan kwana tara aka haihu. Na je wurin yayana na tsuguna na roƙi rance, ya tambaye ni ina kuɗin da na ce na tanada, na sunkuyar da kai na kasa ba shi amsa. Bai yi mini faɗa ba, ya dai ƙirga kuɗin ya miƙo mini ya ce Allah ya raya. Har yau idan na tuna wannan shirun nasa sai jikina ya yi sanyi.

Abu na farko da na yi shi ne goge duk wata hanyar biya da ke ajiye a Steam da PlayStation, kuma na daina barin ko sisi a asusun. Ka yi hakan yau, kada ka bari sai gobe. Idan sai ka tashi ka nemo kati, ka shigar da lambobi ɗaya bayan ɗaya, rabin sha'awar tana mutuwa a hanya. Ka kuma kashe saƙonnin da ke sanar da kai cewa abin da ka sa a jerin buƙatunka ya sauko, domin su ne suke tashin mutum cikin dare. Steam na yin manyan ragi sau huɗu a shekara, kuma gem ɗin da ka ga ya faɗi yau zai sake faɗuwa nan da 'yan watanni, sau da yawa ma ƙasa da haka. Na yarda akwai lokacin da tsoron rasawa gaskiya ne, kamar sanda Nintendo ta rufe shagonta na intanet na na'urorin 3DS da Wii U a watan Maris na 2023, amma irin wannan ana sanarwa tun da wuri, ba shi ne abin da ke damunmu kullum ba.

Ina kuma roƙonka da ka guji masu sayar da asusun PlayStation cike da gem a farashi mai rahusa. Wani mai shago da na daɗe ina ciniki da shi, wanda har gaisuwar mahaifinsa na je, ya sayar mini da asusu mai gem kusan arba'in, na ƙona data mai yawa wajen sauke su, bayan mako uku aka canza kalmar sirri komai ya kulle. Na koma shagonsa sau huɗu, kullum sai ya ce in dawo jibi, daga ƙarshe ya daina ɗaga wayata. Kuɗin bai yi mini ciwo kamar yadda ya kalli idona ya rantse ba. Kwaɗayin tara da yawa ne ya kai ni hannunsa.

Batun jin laifi kuwa, abin da ya taimake ni lissafi ne. Na shiga shafin HowLongToBeat, wanda ke nuna awoyin da gem ke ci kafin a gama shi, na duba tsawon kowane gem. The Witcher 3 kaɗai, babban labarinsa yana cin kusan awa 50, idan ka haɗa da ƙananan ayyukan ciki ya haura awa 100. Ni kuma tsakanin aiki da iyali da wutar da ba ta tsayawa, da ƙyar nake samun awa biyar a mako, ke nan gem ɗaya zai iya cinye mini wata biyar. Da na ga haka sai na gane cewa na ɗora wa kaina bashin da babu wanda yake bi na, kuma ba zan taɓa iya biya ba. Waɗanda shagon gem na Epic ke rabawa kyauta kowane mako, da na wata-wata na tsarin rajistar PlayStation Plus, ka cire su daga lissafi gaba ɗaya, domin ba kai ka zaɓe su ba. Sauran kuma ka ɓoye su daga idonka, Steam na ba da damar ɓoye gem daga jeri, ka bar guda biyu kacal a sauke, ɗaya dogo, ɗaya gajere.

Idan ka ba gem awa uku bai kama ranka ba, ka goge shi ba tare da neman afuwar kowa ba. Kuɗin ya riga ya tafi, kada ka bi shi da darenka da natsuwarka. Ni yanzu ba na sayen sabo sai na gama ko na haƙura da wanda ke hannuna, kuma duk wanda ya burge ni sai in rubuta sunansa da kwanan wata a bayan wani littafi, in jira kwana talatin. A bara sunaye goma sha huɗu na rubuta, uku kawai na saya.

Ka ce kana tunanin sayar da na'urarka baki ɗaya don ka huta. Ni dai ban ba ka wannan shawarar ba, domin na gwada, bayan wata biyu na sayi wata da tsada. Fayafayan gem ɗin da ka tabbata ba za ka koma musu ba, su ne za ka sayar ko ka yi musaya da su. Ka faɗa mana gem biyun da ka zaɓa ka bari, idan akwai wanda nake da shi a ciki sai mu fara tare ranar Asabar.