Tsibirin Gore: Amsar Tambayar Wani Malami Daga Tawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin tarihi ne a wata kwalej a nan Tawa. Muna cikin darasin cinikin bayi sai wata ɗaliba ta tambaye ni ko yaya girman tsibirin Gore yake har aka iya fitar da miliyoyin bayi daga cikinsa, kamar yadda ta ji a talabijin. Ina roƙon a yi mani bayanin wurin da tarihinsa. Daga wani malami, Tawa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa ɗalibarka albarka, domin ta sa yatsa a kan abin da masana suka daɗe suna gardama a kansa.

Gore yana cikin tekun Atlantika, kimanin kilomita 3 daga Dakar, babban birnin Senegal, kuma jirgin fito yakan kai mutum can cikin minti 20. Tsawonsa mita 900 ne, faɗinsa kuwa bai kai mita 400 ba. Idan ɗalibanka sun taɓa zuwa Yamai, ka ce masu da kaɗan ya ɗara gadar Kennedy tsawo. Kudancinsa tudu ne na baƙin dutse da ake kira Kastel, arewacinsa kuma shimfiɗaɗɗe ne, da ɗan lungu inda jirage ke samun mafaka daga igiyar ruwa. Wannan mafaka ce ta jawo Turawa, domin in ba ita ba, wuri ne mai ƙarancin ruwan sha wanda ba shi da filin noma. Har yau mota ba ta yawo a cikinsa, kuma mazaunansa ba su kai 2,000 ba a ƙidayar 2013.

Turawan Fotugal ne suka fara isa a 1444, ƙarƙashin Dinis Dias. Bayansu Turawan Holan suka riƙe shi, suka raɗa masa sunan wani tsibiri na ƙasarsu, wanda ya rikiɗe a bakin mutane ya zama Gore. Faransa ta ƙwace shi a 1677, Ingila ta yi ta karɓewa tana mayarwa, har ya tabbata a hannun Faransa a 1817.

Sai batun bayi. An sayar da mutane a Gore, wannan babu ja. Gidan Bayi, wanda aka gina wajen ƙarshen ƙarni na 18, yana nan tsaye da jan fentinsa da matakalansa biyu masu lanƙwasa da ke hawa bene. A ƙasa akwai ƙananan ɗakuna masu duhu, da wani siririn lungu wanda idan mutum ya bi shi sai ya tsinci kansa a bakin wata ƙofa, babu komai gabansa sai duwatsu da teku. Ita ce ake kira ƙofar da ba a dawowa. Marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da gidan tun 1962 har rasuwarsa a 2009, shi ne ya sa sunan wurin ya zagaye duniya da irin yadda yake ba da labarinsa. UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya a 1978, Paparoma John Paul na biyu ya je ya nemi gafara a 1992, shugaba Obama ma ya tsaya a bakin ƙofar a 2013.

To amma lissafin miliyoyi bai zauna ba. Masu binciken takardun jiragen ruwa sun ƙiyasta cewa mutanen da aka ɗora wa jirgi daga Afirka baki ɗaya, cikin ƙarnukan cinikin, sun kai kimanin miliyan 12 da rabi, kuma mafi yawansu daga tashoshin kudu aka kwashe su, irin su Luwanda ta Angola, Wida ta Benin da Boni ta Najeriya. Rabon Gore a ciki ƙarami ne, dubbai ne ba miliyoyi ba, kuma hankali ma ya yarda da haka, domin wurin da ruwan sha ke wahala ba zai ɗauki irin wancan taro ba. A ganina, Malam, ka faɗa wa yara wannan ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ƙarancin adadin bai wanke kowa ba, kuma gara su ji gaskiyar daga bakinka da su ji ta gobe daga wanda zai ce duk labarin ƙarya ne.

Akwai kuma wani ɓangare da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika ambatonsa a aji ba. Bayan Faransa ta soke bauta a 1848, aka kuma kafa Dakar a 1857, kasuwa ta ƙaura zuwa Dakar, Gore ya fara dusashewa. Duk da haka ya kasance ɗaya daga cikin garuruwa huɗu na Senegal da mazaunansu ke da haƙƙin zaɓe, kuma a nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa zuwa majalisar dokokin Faransa, a 1914. A 1913 aka mayar da makarantar horar da malamai ta William Ponty zuwa tsibirin, ta zauna can kusan shekara 25 kafin a kai ta Sebikotan. A can Boubou Hama ya yi karatu, ya dawo a 1929 a matsayin ɗan Nijar na farko da ya fito malami daga makarantar. Diori Hamani, shugaban ƙasarmu na farko, shi ma ɗalibinta ne, haka nan Modibo Keita na Mali. Ke nan aikin nan na alli da allo da kake yi a Tawa, wasu daga cikin magabatanka a cikinsa sun koyo shi ne a kan wannan ɗan dutse, bayan tafiyar makonni daga gida.