Tsokar muƙamuƙi ma tana sabawa da aiki

Malam ka tambaya ko tsokar muƙamuƙin dabba tana ƙara ƙarfi idan tauna ta yi mata yawa, tunda zomayenka da suka tashi a kan jiƙaƙƙen abinci yanzu sun kasa busasshiyar ciyawa. Eh tana ƙarawa sosai ma, ni na shekara fiye da ashirin ina fama da zomaye da awaki da shanu, abin nan na gan shi da idona.

Amma fa ba kumbura kawai take yi ba kamar damtsen mai ɗaga ƙarfe. Tsoka zare-zare ce, wasu zaruruwan masu saurin fizga ne amma nan da nan sun gaji, wasu kuma a hankali suke aiki amma sai su wuni ba su gaji ba. To idan dabba ta shiga tauna mai tsawo kullum, zaruruwan suna ƙara kauri, ƙananan jijiyoyin jini suna ƙaruwa a cikinsu, sannan da yawa daga masu saurin nan suna rikiɗewa su koma masu juriya. Wannan rikiɗewar ita ce babban abin a wurina, ba girman ba.

Ka duba maraƙi. Lokacin da yake tsotson nono kumatunsa luɓus suke, bayan yaye da wasu watanni ka ɗora tafin hannunka a kuncinsa yana tuƙa, za ka ji wani abu kamar dunƙulen igiya yana tashi yana kwanciya a ƙarƙashin fata. Saniya kan yi awa 7 zuwa 8 a rana tana tuƙa kawai, banda kiwo, shi yasa tsokar kuncinta wadda likitoci ke kira maseta kusan duk zaren juriya ne. Kare da kyanwa nasu daban ne, ƙarfinsu yana tsokar gefen kai ta saman kunne, su cizo ɗaya suke so mai ƙarfi ba niƙa ba.

Kuma ƙashi ma yana bin sahu. Wani likita Bajamushe Julius Wolff tun 1892 ya rubuta cewa ƙashi yana ginuwa ne daidai nauyin da ake ɗora masa, an kuma sha gwadawa da ɓeraye da zomaye, waɗanda aka raina da abinci mai laushi tsokarsu ta fi ƙanƙanta ƙashin muƙamuƙinsu ya fi siranta. Ni kaina na taɓa yin wannan kuskuren, wasu ƴaƴan zomaye na dinga jiƙa musu abinci wai tausayi, ranar da na zuba musu ciyawa sai su ɗauki sili ɗaya su yi ta juya shi a baki su tofar, ƴan uwansu na ɗaya kejin kuwa sai ƙus ƙus kake ji har sun cinye.

Ƙanana sun fi saurin gyaruwa, babba ma tsokarsa za ta saba cikin wasu makonni amma ƙashin ya riga ya gama tsayuwa, kar ka sa rai da yawa a nan. Kar kuma ka canja musu rana ɗaya, za su rame kuma cikinsu zai ɓaci, ka dinga rage jiƙon kaɗan kaɗan kana ƙara ciyawar.

Sai dai kafin ka ɗora wa tsoka laifi ka buɗe bakinsu ka duba tukuna. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba suna ƙara kusan milimita 2 duk sati, in babu abin da zai goge su sai na ciki su yi tsini su dinga yankar harshe. Idan ka ga haɓarsa a jiƙe da yawu, ko yana zuwa wurin abinci ya shinshina ya koma, wannan ba ciyawa ce za ta gyara ba, kai shi wurin likitan dabbobi a goge masa.