Hutu a jirgin ruwa da iyali: a fara da biza kafin a zaɓi ɗaki

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, waɗanda ake kwana cikinsu mako guda, kullum a wayi gari a tashar wani gari. Mu da ba mu da teku, saninmu na ruwa bai wuce kwale-kwalen kogin Isa ba, shi ya sa tambayoyin suka yi yawa. Na ɗauki huɗu.

Tambaya daga wani Alhaji ɗan kasuwa a Tawa: "Na ga talla a Facebook, kwana bakwai a Bahar Rum, a tashi daga Basalona a zaga Faransa da Italiya, Yuro 600 kowane mutum. Ina so in kai uwargida da yara uku a babban hutun lakwal. Mai ajans ya ce in biya yanzu kafin wuri ya ƙare. In biya?"

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Tallar nan an yi ta ne don mutumin Turai, wanda zai shiga jirgin ƙasa daga gidansa ya sauka bakin tasha da katin ɗan ƙasa a aljihu. Kai da ke riƙe da fasfon Nijar, biza ce za ta zaɓa maka hanya.

Sifaniya, Faransa da Italiya duk biza ɗaya ke shiga da mutum, ta Shengen. Tun Yunin 2024 kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, wajen jika 59 ke nan na sefa. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 Yuro 45, na ƙasa da shekara 6 kyauta. In an hana ka, kuɗin ba ya dawowa. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 ga kowa, da shaidar kuɗi a banki, da takardar da ke nuna an kama maka ɗaki a jirgin. An rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a Janairun 2024, don haka tun yanzu ka bincika ofishin da zai karɓi takardunku. Ƙa'ida ita ce a nema wurin ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta, in kwanakin sun zo daidai, ƙasar da za a fara sauka. Ana karɓar takardu tun wata shida kafin tafiya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ka zauna da jerin tashoshin, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu jiragen suna ratsawa ta Tunis, wasu ta Kusadasi a Turkiyya ko Kotor a Montenegro. Da zarar jirgi ya fita yankin Shengen, bizar shiga sau ɗaya ta gama aikinta, alhali jirgin Turai zai koma. Wadda ake shiga da ita sau da yawa za ka nema. Haka kuma duk ƙasar da ke cikin jerin, in tana neman biza daga ɗan Nijar, kamfani zai tambaye ka ita ko da ka ce ba za ka sauka ba. Wanda takardunsa ba su cika ba a bakin tasha ake mayar da shi, kuma kuɗinsa ya tafi.

To yaya za a yi, tun da biza tana neman shaidar ɗaki? Ka biya kafin alƙawari kaɗai, bayan mai ajans ya nuna maka a rubuce nawa za a mayar maka in biza ba ta fito ba, kuma zuwa wace rana. Tarar fasa tafiya tana hawa ne yayin da ranar tashi ke matsowa, har ta cinye kuɗin duka. Ka nemi lambar rajistar ɗakin ka duba ta da kanka a shafin kamfanin jirgin. Ajans ɗin da ya ƙi ba ka lambar, ka bar shi da tallarsa.

Kada kuma ka manta jirgin sama. Daga Yamai sai an bi ta wani gari, kamar Kasablanka ko Istanbul, kuma tikitin mutum biyar sau da yawa ya fi kuɗin jirgin ruwan. Ku isa garin tashi kwana guda kafin ranar, ku kwana a otel. Jirgin ruwa ba ya jiran wanda jirginsa na sama ya makara. Yuli da Agusta su ne lokacin tsada da cunkoso a Bahar Rum. In za ku iya kaiwa Satumba, kafin a koma lakwal a Oktoba, farashi ya sauka.

In Shengen ta gagara, akwai wasu ƙofofin. Kamfanin Saudiyya mai suna AROYA ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, yana zaga Bahar Maliya. Babu giya da gidan caca a cikinsa, abincinsa halal ne, akwai wurin salla. Wanda ya saba da hanyar Umra zai ga ta fi masa sauƙi, sai dai ya tabbatar bizarsa tana ba shi damar fita Saudiyya ya sake shiga. Akwai kuma jiragen da ke tashi daga Dubai a lokacin sanyi, su zaga Abu Dabi da Doha.

Tambaya daga wata Hajiya a Yantala: "Mu shida ne: ni, maigida, mahaifiyata, yarana biyu da ɗan abokiyar zamana. Wane ɗaki za mu kama? An ce da an biya tikiti komai kyauta ne."

Hajiya, ba komai ba. Tikiti ya ɗauke miki ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiba da kanka, wasanni, da wurin kula da yara, wanda yawanci ke karɓa daga shekara 3. Sauran duk da kuɗinsu: lemun kwalba, ruwan gora, intanet, wanki, hotuna, yawon da kamfani ke shiryawa a kowace tasha, da ganin likitan jirgi, wanda yake da tsada sosai. Sannan ga kuɗin hidima da ake ɗora wa kowa a kowane dare. A kamfanonin Turai irin MSC da Costa yana kaiwa wajen Yuro 12 ga babba, yara rabin haka. Manya uku da yara uku a dare bakwai sun tasam ma Yuro 380, kusan jika 250. Ki tambaya ko an riga an sa shi cikin farashin da aka gaya miki.

A cikin jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi. Kowa za a ba shi kati guda, shi ne mabuɗin ɗaki, shi ne shaidar shiga da fita, da shi ake sayayya. Ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye Yuro a hannunsu. Ranar farko ki je wurin karɓar baƙi ki ce a rufe sayayya a katunan yara, in ba haka ba ɗakin wasan kwamfuta zai ci miki abin da ba ki zata ba.

Game da ɗaki, yawancinsu mutum huɗu ne iyakarsu, kuma ko jariri ana ƙirga shi. Ɗaki biyu za ku kama, masu ƙofa a tsakani in an samu, kuma irinsu da wuri suke ƙarewa. Ɗakin ciki marar taga shi ne mafi araha, sai mai taga, sai mai baranda. Ni dai da ƙananan yara ba na ba da shawarar baranda: ga ƙarin kuɗi, ga zaman ɗarɗar kada wani ya ja kujera ya hau. Mai taga ya wadatar, kuma tsohuwa za ta ga fitowar alfijir da faɗuwar rana. Don gudun jiri da tashin zuciya ku nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa, nan ne ya fi rashin tangaɗi. Ku guji ƙarƙashin wurin kiɗa ko wurin ninkaya. Ga Inna kuma, kusa da lifta, domin tsawon jiragen nan yakan wuce mita 300.

Ɗan abokiyar zamanki sai da takardar izinin mahaifiyarsa, da hatimin hukuma, tare da takardar haihuwarsa. Haka duk yaron riƙo, ko wanda zai yi tafiya da ɗaya daga cikin iyayensa. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba, ba sa kuma ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 kafin a gama tafiyar.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Bukoki: "Abinci da salla fa?"

Malam, a jiragen Italiya naman alade yana ko'ina a wurin ɗiba, wani lokaci a yanka ƙanana cikin taliya ko miya, wasu kayan zaƙin kuma da giya ake haɗa su. Naman halal sai an nema a rubuce tun lokacin kama ɗaki, kuma ba kowane jirgi ke da shi ba. Mafita mai sauƙi ita ce kifi, ƙwai, shinkafa da kayan lambu, ga su nan a wadace. Daren farko ka gaya wa shugaban masu kawo abinci abin da ba ku ci. A babban ɗakin cin abinci tebur ɗaya da ma'aikaci ɗaya ake ba iyali har ƙarshen tafiya, zai riƙe. Kada ka bari a sayar maka da kunshin abin sha mai giya a ciki, akwai na lemu zalla, ruwan sha kuma kyauta ne a wurin ɗiba.

Salla a ɗaki za ku yi ta. Alƙibla tana sauyawa da juyawar jirgi, ƙarfen jirgin kuma yana rikita ma'aunin da ke cikin waya, amma talabijin ɗin ɗaki yana nuna taswira da inda jirgi ya dosa, da shi za ka kintata. Ka tafi da butarka ta roba. Hukuncin kasaru da haɗa salloli ka ji shi wurin malaminka kafin ka tashi.

Tambaya ta ƙarshe daga wata ƙanwata a Wadata: "Me zan sa a jaka? Kuma gaskiya ina tsoron nutsewa."

Ƙanwata, fara da abin da za ki bari a gida. Kilishi da cuku ba sa shiga Tarayyar Turai a jakar matafiyi, an hana nama da kayan madara, a filin jirgi za a karɓe su. Jirgin ruwan kuma ba ya yarda da duk abin da ke yin wuta ko zafi: kaskon turare da gawayinsa, kyandir, dutsen guga, butar lantarki ta shayi. Gobara ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro. Ki ɗauki humra da turaren fesawa. Magungunan da ake sha kullum, da fasfo, da katin rigakafin shawara, da kayan canjin yara, su zauna a jakar hannu, domin manyan jakunkuna sai bayan sa'o'i suke isa ƙofar ɗaki. Ki haɗa da rigar sanyi, iskar teku da dare da na'urar sanyaya ɗaki suna kama yaran da suka saba da zafin Yamai.

Tsoro kuwa, ba laifi ba ne. A ranar 13 ga Janairun 2012 jirgin Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma ɗaruruwan da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu atisayen ceton rai ba. Bayan haka aka tsaurara doka: yanzu ana yin atisayen kafin jirgi ya tashi ko da tashinsa. Ki je da yaran har wurin da za ku taru in an shiga haɗari su gan shi da idonsu, kuma abin hannun da za a ɗaura wa ƙanana, mai nuna wurin, kada a cire shi. Abin da ya fi kusa da yaro shi ne wurin ninkaya, don ba kowane jirgi ke da mai gadinsa ba, sai ciwon gudawa da amai da ke yaɗuwa cikin cunkoso. Wanke hannu da sabulu kafin kowane cin abinci ya fi man tsabtace hannun nan da ake shafawa aiki a kansa.

Da jirgi ya bar tasha ki sa waya a tsarin jirgin sama. A tsakiyar teku layi yana bi ta tauraron ɗan Adam, kuɗin kira da na intanet ya ninka. WhatsApp ya jira tasha, ko ki sayi intanet ɗin jirgi a waya ɗaya.

In kun sauka yawo, ki ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofa mai nuna lokacin dawowa, yawanci rabin awa kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki ko da na garin ya bambanta. Wasu tashoshin suna nesa da garin da aka rubuta a talla: jirgin da aka ce zai tsaya Roma a Civitavecchia yake tsayawa, tafiyar fiye da awa guda a jirgin ƙasa. A irin wannan tasha, da yara da tsohuwa, ku biya yawon kamfani duk da tsadarsa, domin in motarsu ta makara jirgi yana jiranta. A Basalona ko Jenowa, inda gari ke bakin tasha, ku fita da kanku, ku dawo da saura awa guda.