Amsa: Warware haruffan Turanci da aka hargitsa

'Yar'uwa, kin tambaya yadda za ki taimaki ɗanki da aikin gida na haɗa hargitsattsun haruffa su zama kalma. Ga dabarar da nake koya wa yarana a nan Tudun Wada, Kaduna.

A fara neman wutsiyar kalma, wato haruffan da ke zuwa a ƙarshenta. A ce an ba shi GNIDAER. Ya cire ING ya ajiye gefe, saura D, A, E, R. Ya jujjuya su, READ za ta fito, ya mayar mata da wutsiyarta: READING, wato karatu. Haka T da H sukan tafi tare, Q kuma kusan kullum U ke bin ta.

Amma don Allah kar ki bar shi bai san ma'anar kalmar ba, domin haruffa iri ɗaya na iya ba da kalmomi daban-daban. Haruffan HEART, zuciya, su ne na EARTH, duniya. Ki yanka kwali, harafi ɗaya a kowane guntu, ya riƙa motsa su da hannunsa.