Amsa kan kod ɗin AVX da ke mutuwa

Salamu alaikum jama'a. To ɗan'uwa na ji tambayarka, ka ce kod ɗinka na lissafi da AVX (umarnin firosesa masu sarrafa lambobi da yawa a lokaci ɗaya) yau ya yi aiki lafiya lau gobe ya mutu da segfault (kuskuren taɓa memori ba bisa ƙa'ida ba) alhali ba ka taɓa komai ba. Ni tun kafin in ga kod ɗin zan ce da malloc, wato hanyar karɓo memori da aka saba a yaren C, ka karɓo memorin, ko ba haka ba? To ka ga a Linux mai 64-bit, abin da malloc na glibc (laburaren C na Linux) ya lamunce maka kawai shi ne adireshin memorin zai rabu da 16 ba saura, shi kuwa AVX bayit 32 yake ɗiba a tashi ɗaya, lambobin double (masu bayit 8 kowanne) huɗu kenan, kuma _mm256_load_pd, umarnin da ke ɗibo su daga memori, ba ya ɗaukar wargi, in adireshi bai rabu da 32 ba nan take firosesa zai tubure. Wato duk ranar da ya yi maka aiki sa'a ce kawai. Gwada ka gani, buga adireshin da printf a hex (ƙirga mai tushe 16), in ya ƙare da irin su 20 ko 40 ko 60 ka sha, in irin su 10 ko 30 ne to kod zai mutu.

Maganin, ka karɓi memori da posix_memalign ko aligned_alloc wanda ya shigo C tun 2011, kuma ni 64 nake ba da shawara ba 32 ba, don layin kash (guntun memorin da firosesa ke ɗaukowa ya ajiye kusa da shi) na yawancin firosesan Intel da AMD bayit 64 ne, AVX-512, babban nau'in AVX, ma 64 yake so, ka huta gaba ɗaya. Masu Windows ku naku _aligned_malloc ne, kuma don Allah da _aligned_free ake sakinsa, kar wani ya je ya sa free. Haka in FFTW, laburaren lissafin Fourier, kake amfani da shi kar ka wahalar da kanka, fftw_malloc da fftw_free suna nan, an yi su ne saboda wannan matsalar.

In kuma memorin wani ne ya miƙo maka, ba kai ka karɓo ba, sa _mm256_loadu_pd kawai, shi bai damu da adireshi ba, a firosesan zamani bambancin gudun kaɗan ne sai dai in ɗiban ya tsallaka layin kash biyu. Turo layin da ka yi malloc ɗin mu gani.