Filin Tambaya da Amsa: Ina So In Rage Wa Akori-Kurar Mahaifina Tsayi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Peugeot 504 akori-kura wadda na gada daga mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Da ita ya yi shekaru yana dakon hatsi daga kasuwannin ƙauye. Yanzu na gyara injinta, na sake mata fenti, kuma ba na nufin ta ƙara ɗaukar buhu. Na ga hotunan tsofaffin Chevrolet C10 na Amurka da aka sauke su har suka kusa taɓa ƙasa, abin ya burge ni ƙwarai. Wani bakanike ya ce zai gasa sifirin gaba da wutar walda har ya zauna, sannan ya zare falle biyu daga sifirin baya, kuma aikin ba zai wuce yini ɗaya ba. Shin in ba shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa albarka a abin da ya bari. Amsata a kan shawarar bakaniken ita ce a'a, kada ka ba shi. Zan bayyana dalili, sannan in faɗi abin da za a iya yi wa motar ba tare da an cuce ta ba.

Ƙarfen sifiri ba ƙarfe ne na banza ba. A masana'anta ana zafafa shi, a sanyaya shi, a sake zafafa shi da ma'auni, kuma wannan horon ne yake sa ya lanƙwasa ya dawo yadda yake sau miliyoyi. Idan aka ɗora masa wutar walda har ya yi ja, horon ya tafi daga wurin da wutar ta taɓa. Motar za ta sauka a ranar, mai ita ya ji daɗi, amma za ta ci gaba da sauka a hankali, kuma da wuya ɓangarorin biyu su sauka daidai, domin babu hannun da zai iya ba dama da hagu zafi iri ɗaya. Ƙarshenta sifirin yakan karye a daidai inda aka gasa shi, kuma ba ya karyewa a gareji, a kan hanya yake karyewa lokacin da mota ta faɗa rami da gudu. Zare falle daga sifirin baya ma yana da nasa lahanin: sauran fallayen su ne za su ɗauki aikin waɗanda aka cire, kuma babban falle, wanda shi ne yake riƙe da aksil a wurinsa, zai riƙa murɗewa duk lokacin da aka taka birki ko aka tashi da ƙarfi.

Abin da ka gani a hotunan kuwa yana da tarihi. Al'adar sauke mota ta samo ƙarfi ne a kudancin jihar Kalifoniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman a hannun matasa 'yan asalin Meziko da ke Los Angeles, waɗanda tun farko har buhunan yashi suke lodawa a bayan mota don ta zauna. A 1958 jihar ta kafa dokar da ta hana wani sashe na mota ya kasance ƙasa da bakin ƙarfen da taya ke zaune a kai, abin da ya sa masu wannan sha'awa suka koma amfani da na'urar da ke ɗaga mota ta sauke ta yadda direba ya so. Sai a farkon 2024 aka soke wannan hani. Na kawo wannan doka ne saboda hikimar da ke cikinta tana nan ko an soke ta: idan taya ta fashe, motar za ta zauna a kan ƙarfen ƙafarta, kuma duk abin da ya fi wannan ƙarfe kusa da ƙasa shi ne zai fara caka kwalta. Duk wanda zai sauke mota ya riƙe wannan ma'auni.

Chevrolet C10 ta zama abar so a wannan fage ne saboda ƙirarta ta ba da dama. Ƙirar 1967 zuwa 1972 yawancinta sifiri mai murɗe take da shi gaba da baya, don haka sauya shi da gajere abu ne mai sauƙi. A gaba kuma ana sayar da wani ƙarfe na musamman da ƙafar mota ke juyawa a kai, wanda aka ɗaga mazaunin ƙafar a jikinsa, sai motar ta sauka kamar inci biyu da rabi alhali sifiri da sitiyari suna nan yadda kamfani ya tsara su. Ƙirar 1973 zuwa 1987 kuwa sifiri mai falle-falle take da shi a baya, kuma akan ɗauke aksil daga ƙarƙashin sifirin a mayar da shi samansa, motar ta sauka inci biyar ko shida. Da yake aksil ɗin ya matso kusa da shasi, sai a yanke wani lungu a jikin shasin a ƙarfafa shi da farantin ƙarfe don ya sami wurin motsi. Waɗanda ka gani kwance a ƙasa, mafi yawansu jakar iska aka sa musu a madadin sifiri. A wurin baje koli ake sauke su, idan za a tafi a ɗaga. Duk waɗannan kayayyaki akwai kamfanonin da suka auna suka ƙera su musamman don wannan mota. Wannan gata ne da 504 ba ta da irinsa, kuma ba na tsammanin za ka shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka fito da saitin sauke ta a kwali.

A nan ne nake so ka tsaya ka yi nazari, domin motarka daban ce da waccan. Peugeot ta fito da 504 a 1968, kuma abin da ya ba ta suna a Afirka shi ne tsayinta daga ƙasa da doguwar tazarar da ƙafafunta ke iya hawa da sauka ba tare da direba ya ji duka ba. Da wannan ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, kuma da wannan ne akori-kurar mahaifinka ta riƙa shiga hanyoyin burji da lodi tana fitowa lafiya. Sauke mota ba komai ba ne face cin wannan tazara. Kowane inci da ka rage, an rage shi ne daga wurin da ƙafa za ta motsa kafin ƙarfe ya daki ƙarfe, kuma an rage shi daga tsakanin ƙasa da tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Hanyoyinmu da ramuka, da tudun rage gudu a kowace unguwa, da ruwan da ke kwanciya a titi da damina, ba su san mota ta yi kyau a hoto ba. Ni da a ce tawa ce, da na bar ta a tsayinta na asali, domin 504 akori-kura mai lafiyar jiki da ba a taɓa ƙirarta ba tana ƙara wuyar samu, kuma darajarta tana cikin kasancewarta yadda take.

To amma motarka ce, kuma sha'awarka ba laifi ba ce. Idan ka yanke shawarar sai an sauke ta, kada ya wuce inci ɗaya da rabi zuwa biyu, wato kusan santimita huɗu zuwa biyar. Sau da yawa abin da ke damun ido a akori-kura shi ne bayanta da ya ɗaga sama idan babu kaya, don haka ka fara da baya kaɗai, ka daidaita ta da gaba, ka duba ko hakan bai wadatar ba. Ka leƙa ƙarƙashi ka ga yadda aksil yake zaune. Idan a saman sifiri yake, ana iya sa ɗan tubalin ƙarfe tsakaninsu, a ɗaure da sababbin ƙarafan ɗauri masu siffar U, ba tsofaffin da suka riga suka miƙe ba. Idan a ƙarƙashi yake, tubali ɗaga motar zai yi, ba sauke ta ba, don haka sai a nemi ƙwararren mai gyaran sifiri ya rage wa fallayen lanƙwasa a kan injin matsa ƙarfe, duka ɓangarorin biyu da ma'auni ɗaya. A gaba, 504 tana da sifiri da shakazoba a haɗe cikin sanda ɗaya, kuma hanya mai aminci ita ce gajeren sifirin da aka ƙera da ƙarfin da ya dace, wanda zai zauna daram a mazauninsa ko da an ɗaga motar a kan jak. Sifirin da ke kwance-kwance idan ƙafa ta rataya yana iya tsallake mazauninsa a kan hanya.

Bayan an sauke ta, aikin bai ƙare ba, kuma a nan ne mai aikin yini ɗaya yake barin mutum. Tsohon shakazoba zai riƙa kaiwa ƙarshensa da wuri, don haka a auna shi, idan ya yi tsawo a sa gajere. Robar da ke hana aksil dukan shasi kada a cire ta, ko da za a rage mata tsawo. A duba kusurwar farfela, wato sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafun baya, domin idan ta sauya za ka ji motar tana karkarwa a wani mataki na gudu, kuma gaɓoɓin farfelar za su ci da wuri. A tabbatar tiyon birki da salansa ba sa gogar komai, a murɗa sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga taya ba ta taɓa bodi, a kai ta wurin daidaita ƙafafu don kada tayoyin gaba su cinye ta ciki, sannan a sake saita fitilu.

Akwai abu ɗaya da nake roƙonka kada ka manta da shi. Motocin ɗaukar kaya da yawa suna da wani bawul a kusa da aksil na baya wanda yake auna nauyin lodi ta hanyar yadda bayan mota ya sauka, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Idan aka sauke motar ba a sake saita shi ba, zai ɗauka an yi mata lodi alhali babu komai a bayanta, kuma a ranar da ka taka birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, ƙafafun baya ne za su fara ƙamewa, bayan motar ya juyo. Ka sa bakanikenka ya nuna maka ko taka tana da shi, kuma ya nuna maka yadda ya saita shi.

Sifirin asali, da ƙarafan ɗauri, da duk abin da aka cire, ka shafa musu mai ka ajiye su a wuri busasshe, kuma kada ka yarda a yanke shasi ko a yi masa walda. Kafin a taɓa komai, ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa bakin bodi, ka rubuta a takarda, domin da waɗannan lambobi huɗu za ka gane ko aikin ya fita daidai, kuma da su za ka mayar da ita tsayinta na da idan ka so.